Injin Gahawar Sabatino

Coburg, Melbourne
Maris 1974

Yaya Catello,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Fortuna. Yaya ƙafarta, kumburin ya sauka? Mu nan mun gode Allah. Zafi ya fara ja da baya, mun gama dafa tumatir ɗin shekara, kwalabe sun cika gareji har babu inda za a jingine keke. 'Yarmu Mena tana gaishe ka. Cikinta ya fito sosai, mijinta Ottavio kuwa sai rawar jiki yake kamar shi zai haihu.

Sabatino ya bar aikin gidan bulo tun kafin Kirsimeti, kuma zaman gida bai karɓe shi ba. Ka san mijina, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Yanzu sai ya wuni a ƙarƙashin bishiyar lemun tsami yana kallon katanga. Ko kulob ya daina zuwa karta. Abu ɗaya ne ke tayar masa da magana, gahawa. Kullum sai ya zagi wadda nake dafawa a 'yar butar kan murhu, wai ruwan wankin safa ce. Ranar Lahadi ya zaunar da Ottavio yana ba shi labarin shagon gahawar Don Liborio, lokacin da ku biyu kuke aiki a bayan kantar shagon a Napoli, shi yana jan libar injin kai kana wankin finjali. Rabon da in ga fuskarsa ta saki haka har na manta.

Shi ya sa na hau taragon lantarki na je wani kanti a unguwar Carlton, inda ake sayar da injin gahawa na gida, mai liba irin na shago. Iri biyu na gani. Ɗaya ƙarami, kamar tulun ƙarfe mai sheƙi, mutum ne ke danna libar da ƙarfinsa. Ɗayan ya fi girma, an ce akwai sifirin a cikinsa, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai turowa in an matse shi. Mai kantin ya cika ni da surutu har na fito ban san wanne ne wanne ba. Kai ne ka ƙare rayuwarka kana gyaran injinan nan, don haka ka zaɓa mini.

Abu ɗaya nake so ka riƙe. Hannun Sabatino ba kamar da ba ne. Ka zaɓa da wannan a ranka. Kada kuma ka yi masa zancen, so nake ya gani kawai.

Ƙanwarka,
Nunziata

Napoli
Afrilu 1974

Nunziata,

Wasiƙarki ta same mu lafiya. Ƙafar Fortuna da sauƙi, sai dai bakinta ne babu sauƙi. Ni ma ƙalau nake, ban da bayana da ke tuna mini shekaruna duk lokacin da na sunkuya ƙarƙashin kanta. Ki shafa mini kan Mena, Allah ya sauke ta lafiya.

Da farko ki gaya wa mijinki Ɗan Ostiraliya, a ranki tunda kin hana ni, cewa ban daɗe ina wankin finjali ba. Shi ne ya ƙi sakin libar, ko ban-ɗaki ba ya so ya je don kada in taɓa.

Ga bayanin injinan. Ƙaramin nan, ana ɗaga libar ruwan zafi ya shiga, sannan a danna da hannu. Duk abin da ya sauko finjali, hannun mutum ne ya yi shi. In ka yi gaggawa ta fito tsararo, in ka yi nawa ta ƙone. Ga shi ba shi da nauyi, yana bin hannu yana rawa a kan tebur, bayan finjali biyu ko uku kuma ya yi zafin da sai a kashe shi. Abin wasan likitoci da lauyoyi ne. Mai sifirin kuwa, ka ja libar ƙasa da ƙarfi, ka ɗan jira, ka sake ta, sifirin ɗin ne zai matse gahawar a hankali. Irinsa Sabatino ya sani. Amma na gidan da ake yi yanzu sifirin ɗinsu lagwani ne, ba za su ba shi kumfar da ya saba gani ba.

Maganar hannunsa ta ba ni dariya. Mutumin da ya kusa shekara ashirin yana jidar bulo, ai dole hannu ya manta. Ba don kin hana ba, da na rubuta masa cewa mai gahawar da hannunsa ya mutu, gara a haɗa da sauran jikin a kai maƙabarta. Kada ki damu, mako guda a gaban inji na ƙwarai hannun zai dawo.

Kada ki sayi ko ɗaya a cikinsu. Mutumin da ake layi har bakin titi don shan gahawarsa ba za a ba shi kayan wasa ba. Ki bar mini zaɓin, ni zan nemo abin da ya dace da shi a nan.

Yayanki,
Catello

Napoli
Yuli 1974

Nunziata,

Da fatan kuna lafiya. Mu ƙalau, zafi ne kawai ya hana mu sakat. Shiru ban ji daga gare ki ba. Fortuna ta ce ƙila hidimar haihuwa ce ta ɗauke ki, ni kuma na ce wasiƙar ce ta maƙale a hanya. In Mena ta sauka ki sanar da mu.

Albishirinki. Don Liborio ya rufe shago, ɗansa zai mai da wurin kantin takalma. Na je ranar da ake fitar da kaya, na tarar da injin nan mai kai ɗaya da liba ɗaya da ke ƙarshen kanta, wanda Sabatino ya koyi aiki a kansa. Har loɓawar da ya yi masa a gefe ranar da tire ya suɓuce masa tana nan. Na ɗauko shi a kafaɗa kamar yaro. Na warware shi ƙusa-ƙusa, na kankare tukunyar, na sake robobi, na sa masa sabon sifirin mafi ƙarfi da na samu. Ni kaina sai na kafa ƙafa kafin in ja shi. Gahawar da ya fitar ranar gwaji, Fortuna da ba ta yabon komai ta sha ta yi shiru.

Na naɗe shi da tsofaffin barguna, na haɗa da finjalan shagon masu kaurin baki, an rufe akwati. Jirgin ruwan ya tashi makon jiya. Ottavio mai aikin lantarki ne, zai san yadda zai haɗa shi da wutarku. Ki tsaya kusa da Ɗan Ostiraliya lokacin da za a buɗe, ki rubuto mini duk abin da ya ce, har zagin.

Catello

Coburg
Oktoba 1974

Yaya,

Ina gaishe ku. Mena ta haifi mace, lafiya lau, an sa mata sunan Mama. Ni ma lafiya. Sabatino ne ba lafiya, kuma ba yau ya fara ba.

Ba hanya ce ta riƙe amsata ba, ni ce ban rubuta ba. Ranar da na karanta maganarka ta maƙabarta, gareji na shiga na zauna cikin kwalaben tumatir na yi kuka. Na sha ɗaukar alƙalami ina ajewa. Kafin in san abin da zan ce maka, wasiƙarka ta zo cewa akwati yana kan teku.

Sabatino ba barin aiki ya yi don hutu ba. Faɗuwa ya yi a gidan bulo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda. Bakin ma ya daidaita, sai in ya gaji. Hannun ne bai dawo ba. Yatsun a dunƙule suke, ko cokali ba ya riƙewa da su. Tun a gadon asibiti ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa a Napoli ba, kai musamman. Ya ce ya bar gida da ƙarfinsa, haka yake so a riƙa tuna shi. Na ɗauka 'yar maganar da na rubuta maka ta isa ka gane ba tare da na karya rantsuwa ba.

Da akwatin ya iso, Ottavio ya kwashe bargunan, Sabatino ya matso kusa. Sannan ya kai hannun hagu ya lalubo loɓawar nan, ya ce wannan aikinsa ne. Ya yi murna, Yaya, wannan kam ya yi. Ottavio ya kafa injin a kan teburin siminti na gareji. Sabatino yakan goge shi da tsumma kowace safiya, amma bai taɓa kunnawa ba, ni ma ban matsa masa ba.

Sai ranar da aka yi wa jaririya baftisma. Mun jera tebura a bayan gida, abokansa na kulob duk sun zo. Bayan an ci taliya da nama, wani ya leƙa gareji ya ga injin, nan take aka hau kiran Sabatino ya nuna musu abin da ya daɗe yana cika baki a kai. Na ce injin bai gama saituwa ba. Ya dube ni, ya ce Ottavio ya kunna.

Da hagu ya yi komai. Ya zuba garin gahawa a mariƙinsa na ƙarfe, ya danna, ya ɗaura mariƙin a kan injin, amma hannu ɗaya bai iya murɗa shi ya kama sosai ba. Ya kama libar ya ja. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya kawo ta har ƙasa, mutane suka fara tafi. Yana fara sassauta mata mariƙin ya fita, ba abin da zai tare sifirin ɗin, libar ta ƙwace ta haura ta same shi a haɓa. Haƙoransa na gaba biyu suka karye, ya ciji leɓe, jini ya ɓata farar rigar da na goge masa. Jaririya ta fashe da kuka. Bai faɗi ba. Ya dafa tebur, ya ce musu, “Ku koma ku ci kek ɗinku.” Ya shige ɗaki.

An ɗinke masa leɓe, ya warke. Ba wannan ne ya sa nake rubuto maka ba. Bayan kwanaki ina ba shi miya ya tambaye ni ko na gaya wa Napoli. Na ce a'a. Ya ce ƙarya nake, Catello ya sani. Ya ce babu makanikin da zai sa irin wannan sifirin a injin gida sai wanda yake so ya nuna wa mutum ya ƙare. Na yi rantsuwa har na gaji. Ya ce, “Tun muna yara yake jiran ranar da libar za ta fi ƙarfina. To ki ce masa ranar ta zo.”

Ya sa an rufe injin da bargo, ya hana a ambaci sunanka a gidan. Shi ya sa na karya rantsuwar yau. Da tun a Maris na karya ta.

Nunziata

Napoli
Nuwamba 1974

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mena da baƙuwa, Allah ya raya ta. Lafiyarmu ƙalau, in ana kiran wannan lafiya.

A shagon gyara na karanta wasiƙarki, a tsaye. Na rufe shagon na dawo gida na ɗauko ta Maris. Maganar tana nan yadda kika rubuta ta, ba ta ɓuya ba. Fortuna ta tuna mini cewa tun ranar ta ce mace ba ta rubuta irin wannan a kan mijinta don wasa, na ce mata ita me ta sani game da gahawa. Ni dai na ga an ba ni dama in yi bajinta, sai na daina karatu na fara zaɓe.

Na yi ta juya abin a raina, wanne ya kamata in ce ki saya. Ƙaramin ma hannu biyu yake so, ɗaya ya riƙe shi ɗaya ya danna. Amma shi ba ya duka. Da kin saye shi tun a Maris, da ke kin riƙe masa gindin shi ya danna da hagu, da ya sha gahawa duk damunar nan taku, haƙoransa kuma suna bakinsa. Yana nan a kantin Carlton kusa da ku, ni na hana ki. Ki sa Ottavio ya fitar da nawa daga gidan, ya ba kulob ko ya jefar. In kuma kuna so, in aiko da sifirin mai laushi.

Sauran na Sabatino ne. Ki karanta masa in ya yarda.

Sabatino, ban sani ba. Da na sani, da na sare hannuna kafin in ɗaura wannan sifirin. Na sa mafi ƙarfi ne don a kaina har yanzu kai ne wanda ke jan liba da yatsa biyu yana zagin kwastoma da sauran bakinsa. Gaskiyarka, na yi ta jiran ka sakar mini libar. Ranar da ka hau jirgi ka sakar mini ita, ban yi wata guda ba Don Liborio ya mai da ni gyara, ya ce gahawata tana kore masa mutane. Wannan ban taɓa ɓoye wa kowa a unguwa ba, kai ne kawai ba ka nan. Ka zage ni yadda kake so, amma ka zage ni a kan wauta, ba mugunta ba.

Catello

Coburg
Janairu 1975

Yaya Catello,

Barka da sabuwar shekara. Da fatan Fortuna da kai kuna lafiya. Nan zafi ake kamar a tanda. Jaririya ta fara zama, ta kuma gane kakanta, shi kaɗai take yi wa dariya duk da giɓinsa.

Wasiƙarka ta daɗe a kan firij. Da na ce daga gare ka ne, tashi ya yi ya fita lambu. Sai ana jibi Kirsimeti ina fere dankali ya ce, to, me mai wankin finjali ya ce. Na karanta masa. Bai motsa ba har na zo inda Don Liborio ya ce kana kore masa mutane. Nan ya yi dariya har ya sarƙe, ya sa na maimaita.

Na faɗa masa zancen fitar da injin da na sifirin mai laushi. Ya ce duk wanda ya taɓa injin nan sai ya karya masa hannu da sandarsa. Sifirin kuma a bar shi, ba laifinsa ba ne, aikinsa ya yi. Washegari ya yaye bargon da kansa, ya ce in ɗauko bulo biyu daga bayan gareji in hau kai, tunda Allah bai ba ni tsawo ba.

Yanzu haka muke yi. Shi ke duba garin, ya murza tsakanin yatsun hagu, ya ce in ƙara niƙa ko ya isa. Shi ke dannawa. Ni ke ɗaura mariƙin in murɗa da hannu biyu, sai ya duba sau biyu kafin ya yarda in taɓa libar. In na ja, da duk jikina nake rataya, kaina a gefe yadda ya koya mini. Yana tsaye a bayana yana faɗa, wai ina ja kamar mai tsamo guga, wai na saki da wuri. Makon farko duk a lambu muka zubar. Kafaɗata har yanzu ciwo take. Amma shekaranjiya ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya ce wannan in an rufe ido an toshe hanci za a iya ba baƙo. Ka san daga bakinsa wannan lambar yabo ce.

Ga saƙonsa, yadda ya faɗa: “Ki ce masa ban yafe ba tukuna. Ya zo nan ya tsaya a gabana in zage shi, sannan mu gani.”

Ni ma roƙona ke nan. Wannan karon ba zan yi maka magana a dunƙule ba. Likita ya ce jininsa ya ƙi sauka, abin da ya same shi yana iya dawowa. Ka zo kafin sanyi ya shigo, Yaya. Na san kai da jirgin sama ba kwa shiri, amma ka zo.

Nunziata

Napoli
Fabrairu 1975

Nunziata,

Lafiya muke, Allah ya sa ku ma haka. Wasiƙarki ta sauke mini dutse daga ƙirji. Na karanta wa Fortuna wurin bulo biyun, ta ce a ƙarshe dai an samu mai iya gahawa a gidanmu.

Ki ce masa zan zo. Ban taɓa hawa abin da ba ya taɓa ƙasa ko ruwa ba, amma zan hau. Kafin sanyi ina gabansa, na yi alkawari. Ya tanadi zaginsa, kada ya ƙarar a kanki.

Catello

Napoli
Yuni 1975

Nunziata,

Gaisuwa gare ku duka. Muna lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, tun bikin Ista ban zauna ba. Shagunan bakin teku duk sun buɗe, kowa injinsa ya tashi da ciwo a lokaci guda, ga neman fasfo da ya yi ta kai ni yana kawo ni.

Komai ya kammala. Tikiti yana aljihuna, farkon Satumba zan taso, zafi ya wuce aiki ya lafa, kuma sanyi da sauran nisa, kamar yadda kika ce. Fortuna ta sayo mini sabuwar kwat, wai kada in kunyata ta a ƙasar mutane. Na ce mata wanda zan je gani a singileti ya san ni.

Ki tambaye shi abin da yake so in riƙo masa.

Catello

Coburg
Yuli 1975

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Fortuna. Na gode da addu'ar da kuka sa aka yi wa Sabatino a cocin unguwa. Ina nan da lafiyata. Mena tana kwana wurina ita da yarinyar.

Wayar da Ottavio ya buga maka ta gaya maka ranar da ya rasu, amma ba ta gaya maka yadda aka yi ba. Da safe ne, a lambu. Ya fita duba waken da ya shuka, na ji shiru ya yi yawa, na leƙa na same shi a zaune a ƙasa ya jingina da katanga. Ya gane ni amma magana ba ta fita. Bai kai yamma a asibiti ba. Ba mu ga alamar ya sha wahala ba.

Wasiƙarka ta iso bayan mun binne shi. Na karanta wurin Satumba, na sake karantawa, na kasa gane wane sanyi ne da sauran nisa, ga ni zaune da rigar ulu biyu ruwa yana dukan taga. Sai daga baya na fahimta. Ni na ce sanyi ina nufin namu, kai ka ji naka. Na shekara kusan ashirin a ƙasar nan ina rubuta maka cewa Kirsimetinmu da gumi muke yi, amma ranar da abin ya zama dole ban rubuta sunan wata ba. Kalma ɗaya ce, Mayu. Kai ma da ka ce kafin sanyi, ban tambaye ka wanne ba. Ba na ɗora maka, kada kai ma ka ɗora wa kanka fiye da rabonka.

Tun da ya ji alkawarinka ya fara shiri. Ya sa Ottavio ya yi wa ɗakin baya fenti. Ya je an sa masa haƙoran roba, shi da ya ce ba zai taɓa sawa ba, wai ba zai bari ka ga aikinka ba. Da ganye ya fara zuba ya koma zama a barandar gaba maimakon bayan gida, inda yake hango mai kawo wasiƙu. Da Mayu ta wuce na ce bari in rubuta in tambaye ka, ya hana. Ya ce kada a roƙi mutum sau biyu, tsoron jirgi ne, zai gama tsoronsa ya zo. Bai yi fushi ba. Wata safiya muna gareji ya ce mini in ka zo zai bar ka ka ja libar sau ɗaya, shi kuma ya sha, kome muninta. Na tambaye shi ko wannan ne yafewar. Ya ce in kula da abin da nake yi, ruwa na zuba.

Ottavio ya ce ƙila yanzu za ka so ka mayar da tikitin. Kada ka mayar. Ɗakin yana nan, akwai yarinyar da ba ka gani ba, akwai kuma inda zan kai ka ka tsaya a gabansa kamar yadda ya nema.

Ka tambayi abin da za ka riƙo. Injin ya fara yoyo ta wajen kai, ruwa na bin libar yana ɗiga mini a hannu. Ina jin roba ce ta ci. Ka taho da ita. Da shi nake tambaya, yanzu ban san wa zan tambaya ba.

Ƙanwarka,
Nunziata